Karas ɗin Kan Juji

Zuwa ga jikana, maigidana na kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa. Gwaggonka ce ke riƙe da biro, ni ce bakin. Saƙonka ya iso, wai a wurin aikinku na binciken iri kana neman karas ɗin kakanka, Allah ya jiƙansa. Ka yi sa'a, don kawunka zai gina ɗaki a lambun, har na tuge komai.

Kai, kakan nan naka ya iya! Ga fari sol, ga rawaya, ga ruwan makuba mai rina tukunya, ga wani gajere kamar babban yatsa. Kowanne sai ya gutsiri wutsiyarsa ya ɗanɗana, ya mayar da kan cikin ƙasa har ya yi fure. In na ce wa zai sayi wannan tarkace, sai ya ce, "Ke ma da kyau aka bi, da kina gidanku."

Ba zan kunyata ka gaban manyanka ba. Na zaɓo maka miƙaƙƙu masu ruwan lemo na dasa a tukwane. Munanan kuwa mun yi girki da su.

Kakarka, uwargida.

*

Amaryata,

Ina gaisuwa da ladabi, amma kin karya min zuciya. Miƙaƙƙun nan kowace kasuwa akwai su. Munanan nake nema! Zafi yana kashe mana karas, tsutsa tana cinye saura. Na tuna gajeren nan rana ba ta yanƙwana shi, farin mai ɗaci kuma tsutsa ba ta kula shi. So muke mu haɗa su aure da masu kyau, 'ya'yan su gaji ƙarfin wannan da zaƙin wancan. Ban san inda zan ƙara samun irinsu ba. Ko ɗaya bai rage ba?

Jikanki.

*

Maigida,

Ina gaishe ka. Da aka karanta min takardarka abinci ƙin shiga ya yi. Ashe abin da tsohon ya yi ta tattali ni na zuba a tukunya.

To, jiya na je zubar da toka a juji. Kawunan da na yanke na watsar, ruwa ya sauka a kansu, sun tofo! Ganye shar, ba wanda ya ba su ko ɗigo. Taurin kai sak na mai su.

Yanzu a can nake wuni kan kujerata, ina korar awaki. Maƙwabta na cewa tsufa ya taɓa ni. Kawunka ma dariya ya yi, amma shi ya kewaye wurin da waya. Ka yi haƙuri sai sun yi fure.

Kakarka.

*

Maigida,

Ga iri nan a ƙulle a bakin ɗankwalina. Kada ka tambaye ni wane ne wane, ƙudan zuma sun riga ku ɗaura auren.

In sun haihu, wanda ya fi muni a sa masa sunan kakanka. Zai ji daɗi.

Allah ya yi maka albarka.