Kartar Baba Cosmas

Gboko, Talata

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Gogo da duk mutanen Bolewa. Ni ce Nguavese, 'yar marigayi Cosmas mai shagon buga takardu, maƙwabcinku. Hausata ta fara tsatsa, ka yi haƙuri da ita.

Yaya, idon Mama yana tafiya. Likita ya ce abin ba zai dawo ba. Hotunanmu na Potiskum duk suna cikin tsohuwar kwamfutar Baba da muka bari a ɗakin Gogo lokacin da muka taso bayan jana'izarsa. Mama tana so ta ga fuskarsa tun tana iya gani. Don Allah ka gwada kunna ta.

Ƙanwarka,
Nguavese

Bolewa, Potiskum

Ƙanwata Nguavese,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Mama Georgina, Allah ya ba ta sauƙi. Gogo ta yi kuka da na karanta mata takardarki.

Na kai kwamfutar shagona, na kaɗe ta, kuma ta tashi. Sai dai allonta ya mutu, linzaminta da ake jan kibiyar allo da shi ma haka, wannan mai ƙwallo a ciki. Linzaman yanzu bakinsu faffaɗa ne, ita kuwa ramin nata zagaye. Joda mai gyara ya ba ni wani ɗan akwatin sauyi mai maɓalli ɗaya. Na haɗa tawa da ta Baba a jikinsa, allo ɗaya, linzami ɗaya. In na danna, in koma wurin Baba. In na sake dannawa, in dawo wurina. Hotunan suna nan, na wanko su, direban motar Makurɗi zai kawo.

Akwai abin da na so in ɓoye miki, Gogo ta hana. Jiya bayan la'asar na bar ta Baba a kunne, na juyo tawa ina yi wa wata malama aiki. Da na koma, sai na tarar an buɗe wasan karta, an jera katuna har rabi. Ni kaɗai ne a shagon. Joda ya ce akwatin ne mai araha, wuta ke tsallakawa. Yau na zare linzamin na riƙe shi a hannuna. Ina kallo kibiyar ta tafi a hankali, ta ɗauki jar bakwai ta ɗora a kan baƙar takwas. Na yi addu'ar da ta zo bakina, na fita waje na zauna da masu shayi.

Ki gaya mini yadda zan yi da ita.

Yayanki,
Abdulbaƙi

Gboko

Yaya,

Ina gaisuwa. Hotuna sun iso, mun gode. Mama ta kai su dab da hancinta tana kiran sunan kowa.

Ban yi niyyar karanta mata sauran takardarka ba, amma ta ji muryata ta canja, ta ce in karanta duka. Na ce a kira fasto. Ta ce ba ruwan fasto. Ni tsoro nake ji, Yaya. Tun ina yarinya ban taɓa son yadda muka bar shi shi kaɗai a maƙabartar can ba. Ka kashe ta, ka zare wayar.

A'a, kada ka kashe. Mama ta shigo yanzu tana haɗa kaya. Na roƙe ta, ta ƙi. Za ta hau mota ranar Juma'a. Ka tare ta a tasha, ba ta ganin rami.

Nguavese

Bolewa

Ƙanwata,

Gaisuwa. Mama ta iso lafiya, tana wurin Gogo.

Jiya da la'asar na kawo ta shago. Na riga ta shiga na danna akwatin. Ana cikin wasa, kibiyar na ɗauke da kati. Mama ta sa ƙafa a bakin ƙofa ta yi gyaran murya. Nan take kibiyar ta saki katin, ta ruga kusurwa ta rufe wasan, ta buɗe farin shafin rubutu.

Mama ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Cosmas, har yanzu? In na shigo sai ka yi kamar kana aiki. Yi wasanka, ba faɗa na zo ba."

Ta ce in ba su wuri. Na fita, na jawo musu ƙofa.

Ta ce in gaya miki kada ki sa ranar dawowarta.

Yayanki,
Abdulbaƙi