Ta'aziyyar Farfesa Jan Biro, da Batun Kundayen da Ya Bari a Falo

Cikin alhini da nauyin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ɗaliban Digiri na Biyu ta Sashen Adabin Turanci tana sanar da ɗaukacin 'ya'yanta, na yanzu da waɗanda Allah ya riga ya kuɓutar, da ma jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar babanmu kuma malaminmu, Shehin Malami, tsohon Shugaban Sashe har karo uku, Uban Ƙungiya, wanda kowa ya fi sani da Farfesa Jan Biro, wanda Allah ya karɓi ransa da hantsin ranar Talata a gidansa, yana zaune a kujerarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya shafe shekara talatin da huɗu yana koyar da adabin Turanci, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ta ofishinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya, yana lilo yana jiran hukunci, zai shaida cewa bawan Allah nan bai taɓa sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Ba ya karɓar aiki ta kwamfuta ko ta waya. Sai dai a bugo a takarda, fuska ɗaya, a bar masa fili mai faɗi a gefe, shi kuma ya cika filin nan taf da jan tawada har ya zagayo baya. Mafi yawan abin da yake rubutawa tambayoyi ne gajeru masu hana mutum cin abinci: “To, sai me?” ko “Wa ya faɗa maka?” Wata 'yar'uwarmu, malamar firamare, ta taɓa gode masa a shafin godiya saboda haƙurin da ya yi da ita, ya soke kalmar da layi biyu, ya rubuta a gefe: “Ba ni da shi. A gyara.”

Ƙungiya na tunawa da yadda marigayi ya tsani ɗalibin da ya karanta taƙaitawar littafi ya zo yana zuba Turanci. Zai bar ka ka gama kawo sunayen masana da manyan kalmomi har ka fara jin kanka, sannan ya tambaye ka a hankali ko me aka ce tsohuwar da ke babi na tara tana ɗinkawa. Wallahi an ga magidanta masu furfura suna zufa a kan wannan tambaya. Amma kuma shi ne mai tare mana faɗa a duk inda aka raina karatunmu. Ranar da wani jami'in mulki ya ce a taro bai ga amfanin a ba mutum digiri don ya karanta labaran ƙarya ba, marigayi ya miƙe ya ce ai shi ma rahoton shekara da jami'in ya gama karantowa labarin ƙarya ne, sai dai ba a iya rubuta shi ba.

Sai dai gaskiya ta wajaba ko a takardar ta'aziyya. Digirin da aka ce na shekara biyu ne, a hannun Baba yakan yi tsawon rai. Ni mai sa hannu a wannan takarda ina shekara ta shida. 'Yata da aka haifa ina babi na ɗaya yanzu tana aji ɗaya, surukina kuwa duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni, cikin tausayi, ko har yanzu littafin nan guda ɗaya ne ban gama karantawa ba. Ana cikin haka hukumar jami'a ta fitar da sanarwa cewa duk ɗalibin da ya haura shekara biyar, in bai kawo kundinsa da sa hannun malamin da ke duba shi ba kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'ar ƙarshen wata, za a soke sunansa. Mu bakwai abin ya shafa, kuma kundayenmu bakwai suna gidan Baba, domin shekara biyu ke nan da ya daina duba aiki a ofis. Juma'ar da ake magana ita ce ta wannan makon.

Saboda haka Ƙungiya na neman gafarar Allah da ta iyalan marigayi bisa yadda tawagarta ta je gaisuwa ranar Laraba. Mun yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, amma babu ɗayanmu da bai riƙa satar kallon kantar littattafan falon ba. Har Mataimakin Shugaban Ƙungiya ya nemi a nuna masa banɗaki sau biyu, don kawai hanyar ta bi ta ƙofar ɗakin karatu. Abin kunya ne, kuma mun ji kunyar.

Uwarmu, Mama, uwargidan marigayi, ta gane mu tun daga bakin ƙofa. Da mutane suka ragu ta sa muka matso, ta kira kowannenmu ba da sunansa ba, da taken bincikensa. Ta ce da malamar firamare babinta na huɗu ya fi na uku nesa ba kusa ba, ta ce da Mataimakin Shugaba ya rage yawan “bugu da ƙari” ɗin nan nasa na Turanci, don ta gaji da furta shi. Muka dubi juna. Sannan ta gaya mana abin da ta ba mu izinin bayyanawa a nan: idanun Baba sun daina ganin rubutu shekara biyu da suka wuce, ya kuma ƙi a sani, don kada a raba ɗalibansa ga wasu malamai su faro daga tushe. Kullum bayan karin kumallo ita ke zama ta karanta masa aikinmu da babbar murya, shi yana faɗin gyara, ita tana rubutawa. Rubutun da muka yi ta gunaguni a kai, muna cewa tsufa ya sa hannun Baba ya ƙara kyau da mugunta, ashe na Mama ne, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ba ta taɓa neman digiri a adabi ba, amma ta karanta kundi bakwai, wasu har sau huɗu.

Ta sa aka fito da kwali. Kundi shida kowanne da sa hannu, karkatacce, ya hau layi ya sauka, domin shi kam Baba da kansa yake yi: ita ke ɗora masa hannu a wurin, shi ya ja. Ƙungiya na taya waɗannan 'yan'uwa shida murna, tana kuma roƙonsu su rage fara'a a harabar Sashe har a gama zaman makoki. Na bakwai shi ne nawa. Shafin sa hannun fari fat. Suna shafi na tamanin da takwas ranar Talata, saura shafi talatin da ɗaya, Baba ya ce ta dakata ya ɗan huta.

A nan ne Sakataren Ƙungiya, wanda lauya ne da rana ɗalibi da yamma, ya gyara murya ya kawo shawara cikin ladabi cewa tunda Mama ta fi kowa sanin hannun marigayi, kuma babu mai shakkar cewa da ya kai ƙarshe da ya sa hannu, ai sai ta sa hannun a madadinsa, layi ɗaya ne kawai, ba wanda zai sani. Ina shaida wa jama'a cewa ban hana shi ba. Na sunkuyar da kai ina addu'ar ta yarda. Mama ta dube shi, ta dube ni, ta ce shekara biyu ba ta taɓa rubuta harafin da bai faɗa ba, ba kuma za ta fara kwana ɗaya da binne shi ba. Ta ce mini, “Yi haƙuri, ɗana.” Daga nan ta ce in buɗe daga shafi na sittin. Na buɗe, na yi ta juyawa har tamanin da takwas, babu gyara ko ɗaya. Na ɗauka mantuwa ce. Ta ce a'a, a nan ne ya ce ta ajiye biron ta karanta kawai, wai yau dai yaron nan ya daina haddar maganar wasu ya fara tasa. Ina da shekara arba'in da uku, na yi kuka a falon mutane har sai da aka kawo mini ruwa.

Shugaban Sashe ya tabbatar mini, cikin alhini shi ma, cewa doka ba ta san shafi ashirin da tara marasa gyara ba, sa hannu ta sani, kuma babu malamin da zai karance kundi ya sa hannu kafin gobe.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Mama, da 'ya'ya da jikokin marigayi, da Mai Girma Shugaban Jami'a, da Shugaban Tsangaya, da Shugaban Sashe da dukkan malamai. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, kada ya yi masa bincike irin wanda ya yi mana. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya saka wa Mama da mafificin alheri.

A ƙarshe, Mama ta nemi alfarma ɗaya: ta ce ba ta saba barin aiki a tsakiya ba, kuma muryarta ba za ta iya ba yanzu. Don haka gobe Juma'a da ƙarfe huɗu za a soke sunana, jibi Asabar bayan karin kumallo zan je in karanta mata sauran shafi talatin da ɗayan.

Sa hannu:
Dattijon Aji
Kakakin Ƙungiyar Ɗaliban Digiri na Biyu, Sashen Adabin Turanci, har zuwa ƙarfe huɗu na yammacin gobe