Lamba Talatin da Takwas

Litinin, 5 ga Mayu

Sabbin kaya sun iso. Kwali goma sha biyu, a saman kowanne samfur ƙwaya ɗaya, lamba talatin da takwas kamar kullum. Ni kuwa talatin da tara Allah ya ba ni.

Shekarata goma sha ɗaya a gaban shagon nan ina cusa ƙafata a takalmin da ba lambata ba. Haka aikin yake. Kamfani yana haɗo samfur, wadda ke gaban shago ita ce za ta sa shi ta yi ta kai-komo, mata su gan shi a ƙafa su yi sha'awa. Na cikin kwali ba a taɓa shi, don wanda ya taka ƙasa ya zama tsoho. Uwar ɗakina, mai shagon, ta sha faɗa cewa duk ranar da ta ga na kwali a ƙafar ma'aikaciya, ranar za su raba gari.

Na yau ja ne, dunduniyarsa doguwa siririya, bakinsa tsini. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kafin azahar mata huɗu sun saye shi daga ganinsa a ƙafata. Kafin la'asar na daina jin yatsuna.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ƙullutun nan na gefen babban yatsa ya yi ja, ya ɗau zafi. Baban yara ya ga ina gasa shi da ruwan ɗumi, ya tsaya a kaina da kayan waldarsa ya ce, "Wannan ƙafar taki kawo ta shago in sa ta a wuta in miƙar." Na yi dariya don kada ya gane. Da ya fita na ƙare mata kallo. Babban yatsan ya karkace ya hau kan na kusa da shi, na biyun ya ƙudundune ya ƙi miƙewa. Yaushe ta zama haka? Kullum ina ganinta, ban taɓa kallonta ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

A sujada yatsun sun ƙi tanƙwaruwa. A zaune na ƙarasa.

Laraba, 14 ga Mayu

Na sha kunya yau, irin wadda ba na so in tuna amma dole in rubuta ko na samu ta fita daga raina.

Shago ya yi shiru da rana, sai na zare takalmin a bayan tebur in sha iska minti biyu. Ashe ƙafa ta samu sarari ta kumbura. Wata mata ta shigo da 'ya'yanta biyu, na lalubi takalmin da ƙafa, ya ce bai san ni ba. Na tura, na murɗa, ko kusa. Haka na yi musu ciniki ina maƙale a bayan tebur, ina nuna kaya da baki, ni da ake ce wa Anti Ƙwas-ƙwas saboda tun daga bakin titi ake jin takuna. Doguwa, wadda ke aiki a sito, ta leƙo da kwali a hannu ta ga ƙafata tsirara a kan tayal. Na ga yadda ta taɓe baki. Shekara uku tana hangen wurin nan nawa, kowa ya sani.

Uwar ɗakina ma ta gani. Da za mu tashi ta ce, "Lafiya dai ƙafar?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To madalla, don gaban shago ba wurin masu ɗingishi ba ne." Da murmushi ta faɗa.

Talata, 20 ga Mayu

Baban yara ya kai ni wurin likitan ƙashi da ƙarfin tsiya. An ɗau hoto. Likitan ya manna shi a jikin fitila ya ce in duba. Ban so ba. Ya nuna mini yadda ƙashin babban yatsan ya goce daga mazauninsa, ya ce bakin takalmin ne ya yi ta matse shi shekara da shekaru, tudun dunduniyar kuma ya mayar da nauyina duka kan gaban ƙafa. Ya tambayi lambata, na faɗa. Ya tambayi lambar da nake sawa, na faɗa. Sai ya cire gilashinsa ya dube ni.

"Malama, wa ya tilasta miki?"

Me zan ce masa? In ce ina son yadda nake tsawo a ciki? In ce ni gajera ce, kuma ranar da na fara sa shi ce ranar da aka fara gaishe ni kafin in gaida mutum? Na ce aiki ne.

Ya ce in bar shi daga yau. Wanda ya karkace ya karkace, ba zai koma ba sai da tiyata, amma in na ci gaba abin da zai biyo baya ya fi wannan.

Laraba, 21 ga Mayu

Na ɗau hutun kwana biyu, na ce zazzaɓi ne. Na sa takalmi marar tudu na je bakin titi na dawo. Wallahi ya fi ciwo. Dunduniyata ta ƙi sauka ƙasa, agarata tana ja kamar za ta tsinke. Ko a cikin gida ashe a kan yatsu nake tafiya ban sani ba, silifas ɗina ma mai tudu ne.

To ina ilimin likitan? Ga shi na bi maganarsa na fi shan wuya.

Asabar, 24 ga Mayu

Na koma aiki, na koma samfur. Ina zura shi agarar ta yi shiru. Na ce ka gani, ƙafata ta fi likitan sanin abin da take so.

Ban gaya wa baban yara ba. Daga gida nake fita da marar tudu, in canza a bayan shago. Na san dabarun duka, ni na ƙirƙiro rabinsu: in naɗe yatsa na uku da na huɗu da filasta, in barbaɗa hoda, in zura ƙafar a leda siririya ta zame ciki, in sa tun da sassafe kafin ta kumbura, kada in cire sai an rufe. Sai ƙwayar ciwo biyu da safe, biyu da rana.

Litinin, 26 ga Mayu

Uwar ɗakina ta kira ni ofis. Wai ta lura ina jingina da tebur, ina kuma aiken masu saye su ɗauko da kansu. In ba zan iya ba in faɗa, sai mu yi musanya da Doguwa, ni in koma sito. Sito! Ɗakin da ko taga babu, daga kwali sai kwali. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, ni na san kowace ƙafa da ke shigowa shagon nan." Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ce in tafi gida ba.

Na fito na yi ta taku a gabanta da gangan, ƙwas, ƙwas, daga ƙofa zuwa madubi. Raina a ɓace yake har yanzu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Wani sabon ciwo a saman ƙafar dama, wuri ɗaya, in na danna da yatsa sai in ji har ka. Na ƙara ƙwaya.

Litinin, 2 ga Yuni

Ba na iya taka ta. Na taka.

Talata, 3 ga Yuni

Na miƙa hannu zan sauko da wani baƙin takalmi daga layin sama, na ɗan yi ɗage, sai na ji wani abu ya ce ƙas a cikin ƙafar. Ban faɗi ba, na zauna dai a ƙasa a gaban mata uku, kuma na kasa tashi. Doguwa ce ta ɗauke ni, a zahiri ta ɗauke ni kamar yarinya ta kai ni mota. Takalmin ya ƙi fita, sai a asibiti aka yanka shi da almakashi.

Ƙashi ne ya tsage, na bayan yatsa na biyu. Likitan ya ce ya kwana biyu da fara tsagewa, ni ce na yi ta tafiya a kai. Na gaya masa marar tudun ne ya fi yi mini ciwo shi ya sa na koma. Ya ce ai agarar ce ta gajarce saboda shekarun da ta yi a ɗage, a hankali ake saukowa, ana miƙar da ita kullum, da na dawo na tambaye shi da ya gaya mini. Ban dawo ba. Na fi son in ce bai iya aikinsa ba.

Baban yara bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki yankakken takalmin ya juya shi ya ga lambar, ya ajiye. "Ashe a bayan shago kike canzawa," ya ce. 

Mako shida a ɗaure, da sanda.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ba abin rubutawa. Ɗaki, sanda, bayi, ɗaki. Uwar ɗakina ta aiko da gaisuwa da saƙo: Doguwa ta riƙe gaban shago, in na warke sito na jirana. Na yi kuka, kuma ba na ciwo ba ne.

Juma'a, 27 ga Yuni

Doguwa ta zo duba ni. Na shirya mata fuska tun kafin ta shigo. Ta zauna a bakin gado ta zare takalminta ba tare da ta nemi izini ba, ta yi ajiyar zuciya. Na saci kallo. Bororo biyu a dunduniya, ɗaya ya fashe, ƙaramin yatsanta ya yi jawur, farcen babban ya fara shiga nama. Ita arba'in take sawa. Lamba biyu ke nan tsakaninta da samfur.

Ta ce, "Yaya, don Allah ki koya mini yadda kike yi. An ce har da leda."

Yaya. Yau kuma ni ce yaya. Na ce mata ban san wata leda ba, ni ƙafata ce ta dace da shi. Ta kalli ƙafar tawa a ɗaure, ta kalle ni. Da za ta tafi na ga yadda ta cije leɓe wajen mayar da takalmin.

Na ji daɗi, in faɗi gaskiya. Na ce ta ɗanɗana. Daɗin bai kai magariba ba.

Litinin, 14 ga Yuli

An kwance ɗaurin. Ƙafar ta rame, fatar tana saɓa. Na fara aiki a sito da wani faffaɗan takalmi baƙi wanda ko a mafarki ban taɓa zaton zan sa ba. Na wuce ta gaban madubin shago, na ga wata gajeriyar mata, sai da na ɗan tsaya kafin na yarda ni ce. Wata tsohuwar mai sayenmu ta tambaye ni ko Anti Ƙwas-ƙwas ta bar aiki. Na ce tana nan wani wuri.

Aikin sito: buɗe kwali, jera lambobi, manna takardar lamba a ƙasan kowane takalmi, fitar da samfur a miƙa wa ta gaba. Akwai kujera. Rabona da in yi aiki a zaune har na manta.

Safe da yamma ina dafa bango ina miƙar da agara kamar yadda aka koya mini. Saura kaɗan dunduniyar hagu ta taɓa ƙasa. Ta dama da saura.

Alhamis, 17 ga Yuli

Daga sito ana jin takun Doguwa. Da safe daidai yake. Daga ƙarfe biyu ƙafa ɗaya take fara ja. Uwar ɗakina ba ta ji, ni nake ji, don na san abin da ke faruwa a cikin takalmin yatsa bayan yatsa. Yau ta shigo ɗaukar kaya ta jingina da kwali ta rufe ido, ta ce, "Yaya, kina da ƙwayar ciwo?" Na ce babu. Akwai a jakata.

Ba ruwana. Ita ta nema. Kuma wurin nan shi kaɗai ya rage mini, in na rasa shi ba inda za a ɗauki mace mai shekara arba'in da ɗaya da karkatacciyar ƙafa.

Litinin, 21 ga Yuli

Kaya sun iso. Samfurin wannan karon ruwan zinare ne, bakinsa ya fi na baya tsini.

Ban san yadda aka yi ba. Hasken sito ba shi da kyau, kwalayen kuma duk kamarsu ɗaya. Samfurin dai ya shige can ƙasan kwali, wani arba'in ya fito, takardar talatin da takwas kuma ta manne a ƙasansa daidai kan lambar. Shi na miƙa mata. Tsinin yana nan, tudun yana nan, ba wani gata na yi mata ba.

Ta sa, ta taka, ta juyo da ido waje. "Yaya! Kin ga ƙafata ta fara sabawa, yau ko matsi ban ji ba." Na ce to ki yi hankali da sabon nan. Ta fita tana murna.

Uwar ɗakina ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙafar Doguwa. Sannan ta juyo ta kalli ƙofar sito. Na sunkuyar da kai ina jera kwali. Ba ta shigo ba. Wataƙila gobe.

In ta tambaya, kuskure ne. Har aka tashi ina saurare, takun bai canza ba.

Na ware wani arba'in ɗin daga cikin wasu shuɗaye da suka zo a kayan nan, na ajiye a bayan kujerata. Na mako mai zuwa.