Rubutun da Ke Ƙasan Hoton

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki da warin fenti? Katin gayyatarki ya iso, har na jingina shi jikin madubi. Ashe wasan yarinta zai kai ki baje kolin zane! Na tuna yadda kike tsayar da fim a tsakiya ki zana fuskar jarumar, ni kuma ki sa ni in karanto miki rubutun ƙasa, Mama tana faɗan mun hana ta kallo.

Jiki Alhamdulillahi. Tun ɓarin nan ban gode miki yadda ya kamata ba. Ke kaɗai kika zauna da ni a asibiti, kika bar ni na yi ta surutu. Za mu zo da maigidan, har ya ɗauki hutu a ofis.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan gajiyar taro ta sake ki. Na ga kiranki, hannuna ne ya kasa ɗauka.

Zanenki sun yi kyau, ba zan yi miki ƙarya ba. Baƙin layi sama da ƙasa, rubutu rawaya, sai ka ce fim aka tsayar. Muna zagayawa muna yaba miki har muka iso na bangon ƙarshe. Mace a gadon asibiti ta juya wa duniya baya. Kin ɓoye fuskar, amma kin bar tabon ƙunar da ke bayan hannuna. A ƙasa kin rubuta: “Da cikin ya zube, wani ɓangare na zuciyata sai ya ji sauƙi.”

Yaya, ke kaɗai na faɗa wa wannan, kaina a cinyarki.

Kin san maigidan da karatu a bayyane. Ya karanta rabi da murya, ya ƙarasa sauran a zuci. Ya dubi zanen, ya dubi hannuna. Ke kina can ana ɗaukar ki hoto, har kika ɗago mana hannu. Sati guda bai yi mini faɗa ba, bai kuma kalle ni ba. Daga baya na zaunar da shi na gaya masa tsoro ne ya sa na faɗi haka, tsoron kada in kasa zama uwa. Ya saurara, muna lallaɓawa. Amma maganata ce, ni ya kamata in zaɓi ranar faɗinta.

A saƙonki kin ce babu wanda zai gane. Mutum ɗaya ne bai kamata ya gane ba, kuma ke kika rubuta sunansa a katin.

Ina da ciki. Ban so ki ji a bakin Mama ba. Yadda nake ji game da cikin kuwa, kada ki tambaye ni.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki har yanzu,
Auta