Hoton Yaya Sani a bakin tukuba

Laraba, bayan Isha'i

Yau aka yi taro a gidan Mai Unguwa kan ranar tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙin Arewa. Gwamnati za ta kawo rumfa da furanni, unguwa kuma saukar Alƙur'ani da wainar sadaka. Tun rasuwar Yaya Sani Inna ba ta fita, don haka ni ta aika.

Tun kafin taron wakilin gwamnati ya ce kowane gida ya kawo hoton mamacinsa cikin kaki. Mu ba mu da shi. Yaya in ya zo hutu, tun a zaure yake cire kakin, ya wuce tukubar Kawu yana juya nama, yana tsokanar kowa. Hoto ɗaya gare mu, yana dariya da tsinken tsire a hannu. Shi na tafi da shi, na miƙa wa wakilin.

Mutumin ya ce, "'Yan mata, wannan ai mai suya ne."

Kawu ya ce, "Yallaɓai, ku soja kuka sani. Mu wannan muka rasa."

Ban san sanda na ce, "Haka Inna take tuna shi" ba. Kowa ya juyo, kunya ta kama ni. Mutumin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya sa shi cikin sauran.

Da na faɗa wa Inna, ta dubi ƙusar da ke bango, inda muka saba rataye hoton. Can ta ce, "Wanke min farin mayafina. Zan je ranar tunawar in gan shi."