Professeur Sun Ce

Garwa, 4 ga Nuwamba 1974

Véronique,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Yawunde bai sa kin manta da mu ba. Na karanta wasiƙarki sau uku a rumfa. Sunana sau ɗaya ya fito, shi ma a bayan ambulan. Sauran duk zancen malaminku ne, "professeur sun ce". Wai rai ya faro daga wani mitsitsin abu cikin ruwa mai haifar irinsa. To, ni ma na yi aji shida a makarantar mishan, na san ma'anar reproduction. Me ya haɗa ƙato da koya wa yarinyar da aka yi wa baiko zancen haihuwa? Ina nan ina ɗauko atamfa daga Mayo-Oulo a bayan babur, shi yana can da alli da taye.

Na je na gaya wa Babanki. Ya ce in kin zo hutun Kirsimeti, kin zo ke nan.

Naki har kullum,
Martin

Yawunde, 15 ga Nuwamba

Martin,

Ina amsa gaisuwa. Saurara. Abin nan molécule ne, ido ba ya ganinsa. Yana tsintar guntaye cikin ruwa, ya jera su yadda shi yake a jere, sai ga na biyu. Wani lokaci ya yi kuskure a jerin, in kuskuren ya fi saurin yaɗuwa, shi ke cika ruwan. Hasashe ne tukuna, amma tunda na ji shi ban ƙara kallon kududdufi kamar dā ba.

Professeur kuwa Madame Georgette ce, 'ya'yanta huɗu. Girmamawa ta sa na ce "sun ce", kai ka dasa mata gemu.

Shekara biyu ta rage mini. Ka koma wajen Baba ka warware abin da ka ɗaura. In ba haka ba, zan zo Kirsimeti, amma da zobenka a ambulan.

Ka huta lafiya,
Véronique

Garwa, 24 ga Nuwamba

Véronique,

Gaisuwa. Na koma. Baba ya yi dariya har da tari, ya kira maƙwabta na sake ba da labarin a gabansu. Ya ce ki gama karatunki.

A gaishe da Madame. Amma hankalina bai kwanta duka ba. Matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, na yarda. Shi wannan abu da ke haihuwa ba miji, shi ne ban yarda da shi ba. Ki ci jarrabawarsa, kada ki ɗauki halinsa.

Naki,
Martin