Maganin da Na Sayo Maki da Hannuna

Ya Suwaibatu, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar gona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take tsaka! Amincin Allah ya tabbata a gare ki a can Faskari, ke da Inna da kike jinya, Allah ya tashi kafaɗunta. Mijinki ne Yahuza ke rubuto maki daga Kankara, daga tsakar gidan nan da ta yi mani faɗi tun ranar da kika ɗauki jakarki, yau wata biyar da kwana tara.

Kada ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Sau uku na kira ki a makon nan, kuma duk kira amsarki ɗaya ce: lafiya lau. Kafin in buɗe baki kin juya zancen zuwa ga awaki, ko an ba su dusa, ko kazar nan ta ƙyanƙyashe, daga nan sai ki ce Inna na kira. Takarda kuwa ba a katse mata magana. Ki zauna, ki miƙe ƙafar nan da ke damun ki, ki saurare ni har in kai ƙarshe.

Jiya ɗiyarmu Baraka ta iso daga Sabuwa, kuma kin san ta kwana biyu wajenku kafin ta ƙaraso. Kin ja mata kunne kada ta gaya mani kome. To, ba ta ci amanarki da baki ba. Idanunta ne suka ci. Ina tambayar ta jikinki sai ta sunkuyar da kai, na matsa, ta fashe da kuka. Ta ce kin rame har awarwaronki na zamewa. Ta ce tafin hannunki ya yi fari, leɓenki ya koɗe. Ta ce a zaune kike barci, kin jingina da bango, domin da kin kwanta ƙwannafi ke taso maki har maƙogwaro, kuma kullum akwai kofin jiƙaƙƙiyar kanwa a gefenki. Ta ce a gabanta jiri ya kwashe ki a bakin rijiya, sai da kika riƙe turmi. Kuma ta ga jajayen ƙwayoyin nan a ƙulle a bakin zanenki, kina haɗiyar biyu tun kafin ki karya kumallo.

Haba Suwaiba! Wannan ne lafiya lau?

Tun da ta faɗi haka na kasa zama wuri ɗaya, kuma abin mamaki, ba fuskarki ta yanzu nake gani ba. Yarinyar nan nake gani, wadda na tarar a gindin mangwaron gidan kawunki, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ranar da na kawo mashi irin dawa daga Ketare. Kina zaune a kan juyayyen turmi, kin yanyanka ɗanyen mangwaro a faifai, kina dangwala yaji da gishiri kina ci, ko ido ba ki runtsewa. Kika miƙo mani yanka ɗaya, ni kuma don kada a ce rago ne na jefa baki. Hawaye suka zubo mani, na yi ta tari, kika yi dariya har kallabinki ya zame. Wace irin mace ce wannan, na tambayi kaina, da tsami da yaji ke yi mata ladabi? A ranar na san zan dawo gidan nan ko ba da irin dawa ba.

Haka kuwa kika shigo gidana, kamar damina mai albarka. Miyar yakuwarki sai da maƙwabta suka san da ita. Furarki da kindirmo mai tsami, ƙosanki na safe da ke iyo a yaji, kunun tsamiyar azumi da kike cewa in bai tsuke baki ba ai ruwan wanka ne! Ina dawowa daga gona tun daga bakin lungu nake sanin me kika ɗora. Ƙafarki ba ta san gajiya ba a lokacin. Ke ce kan riga kowa zuwa rijiya, ke ce kan riga kowa gama daka, sannan ki tsaya kina yi wa sauran mata tsiya.

Sai ranar sunan nan na Mabai. Shekara tara ke nan, amma har gobe ina jin ƙarar tayar babur ɗina tana sulɓewa a laka. An yi ruwa da hantsi, kin ce mu ɗan jira ƙasa ta sha, ni kuma na ce ai na san hanyar kamar tafin hannuna. Muka faɗi a gangaren rafin nan, ƙugunki ya bugi dutse. Kika tashi kina kakkaɓe zane, kina tsince ƙwayoyin cincin ɗin da aka ba ki daga cikin ciyawa, kina cewa ba abin da ya same ki sai kunya. Na yarda, don ina son in yarda. Bayan sati biyu na ga kina dafa bango kafin ki miƙe daga sallah.

A nan ne laifina ya fara, ya hasken gidana, kuma shi nake son in furta maki yau. Ni na fara sayo maki jajayen ƙwayoyin nan. Wani abokin ciniki ya ce mani suna kashe ciwon jiki nan take, na shiga kemis na karɓo, kika sha, kafin la'asar kina shara kina waƙa. Na ji kamar na sayo maki duniya! Daga nan kowace ranar kasuwa ba na dawowa sai da su, a leda ɗaya da tsirenki. Ina miƙa maki kina sa mani albarka. Shekara bakwai ina yi, ina ɗaukan kaina mijin da ya san ciwon matarsa.

Kuma a cikin shekarun nan kika riƙa barin abubuwan da kike so ɗaya bayan ɗaya, ina kallo ban gane ba. Kika fara cewa yakuwa ta gundure ki. Aka jima kika ce ƙosai na yara ne. Wani azumin kika dama kunun tsamiya, kika zuba wa kowa, ke kika sha ruwan ɗumi. Da mangwaro ya yi 'ya'ya na tsinko maki ɗanye don in tuna maki da, kika karɓa, kika shinshina, kika ajiye a taga har ya nuna. Na ce a raina girma ne ya zo. Ashe wuta ce ke ci a ƙirjinki, ashe kuma ni ke kawo mata itace. Wane irin makaho ne ke kwana ɗaki ɗaya da mutum bai san yana ƙonewa ba?

Ba mu farga ba sai bara waccan, da kika yi aman da ya tsorata mu muka nufi asibiti. Kin tuna abin da likita ya ce. Ya ce irin wannan maganin, in an daɗe ana sha, balle a kan yunwa, yana cin bangon ciki har ya yi gyambo, jini ya riƙa tsiyaya kaɗan kaɗan mutum bai sani ba. Yana wahalar da ƙoda, yana kuma iya tayar da hawan jini. Ya sauya maki wani mai sauƙi, ya haɗa da na kare ciki, ya ce duk wata uku ki zo a auna ki: jini, fitsari, ƙoda, nauyi. Da ya tambayi wanda ya rubuta maki jajayen, na sunkuya ina kallon takalmina, ke kuwa kika ce ke kika saya da kanki. Ko a gaban likita sai da kika rufa mani asiri.

Amma kin san wani abu? Ranakun awon nan sun zama mani kamar ranakun zance. Ki yi wanka, ki ɗaura atamfarki mai ruwan ganye, in ɗauke ki a hankali ina kauce wa kowane rami. Mu zauna a benci muna jiran a kira sunanki, kina raɗa mani labarin duk wadda ta wuce. In an ce sakamako ya yi kyau, mu biya ta wurin mai ayaba, ki ci biyu a tsaye kamar yarinya. A shekarar nan kumatunki suka dawo, har kika fara ɗanɗana miyar yakuwa da ɗan cokali kina kallona ta wutsiyar ido. Na ɗauka mun tsallake.

Sai jikin Inna ya shanye, kika tafi. Wa zai hana ɗiya jinyar uwarta? Ba ni ba. Amma na san yadda aka yi ko ba a gaya mani ba. Ke ke ɗaga ta, ke ke juya ta, ke ke kai ta bayi ki dawo da ita, ƙugun da dutse ya daka shi ke ɗaukar mutum biyu. Maganin likita ya ƙare, ko kuma ya yi maki sanyin aiki, sai kika aika aka sayo tsohon abokin gabarki. Ranar awo ta zo ta wuce. Na tuna maki sau ɗaya, kika ce sai Inna ta ɗan samu, ni kuma na ƙyale zancen, kamar yadda na saba.

Yau da sassafe na ɗauki katinki daga ƙarƙashin tabarmar gado na tafi asibiti. Malama Amatullah, ma'aikaciyar jinyar nan mai tabarau da ke tsokanar ki, ta gan ni ni kaɗai ta tambayi ina ƙawarta. Na zayyana mata duk abin da Baraka ta faɗa. Fara'arta ta ɗauke. Ta shiga da ni wurin likita, ya saurara, ya buɗe takardunki, ya ce ko a awonki na ƙarshe jininki a bakin iyaka yake. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, ga abin da ya ce: "Malam Yahuza, ka kawo ta gobe, kada ka kai jibi. Kuma daga yau kada ta ƙara haɗiyar ko guda."

Ya ce in gaya maki kanwa na danne zafin ne na ɗan lokaci, ba ta warkar da gyambo, kuma yawanta na da nasa lahani. Ya ce kuma, ki yafe mani faɗin wannan a wasiƙar da na so ta zama ta ƙauna zalla, in kin ga bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin, ko kika yi amai da jini, ko jirin ya ƙaru, kada ki jira ni. A kai ki asibitin da ya fi kusa a lokacin.

Na san abin da za ki ce, domin na fi kowa sanin taurin kanki. Za ki ce wa zai zauna da Inna? Yayata Hajaratu ta amsa, gobe tare za mu taho, za ta zauna har ki warke, kuma Baraka za ta karɓe ta bayan sati. Za ki ce in an raba ki da ƙwayar ba za ki iya tashi ba. Likita ya ce ba za a bar ki da ciwo ba, akwai abin da za a ba ki wanda ba ya cin ciki, akwai kuma gashin ƙugu da ruwan zafi da motsa jiki da za a koya maki. Sannan akwai wadda ba za ki faɗa ba: kina tsoron abin da awo zai nuna. Ni ma ina tsoro, Suwaiba. Amma tsoron da muka ji tare a kan benci ɗaya bai taɓa kayar da mu ba. Wanda kike ji ke kaɗai a jingine da bango, shi ne ba zan iya ɗauka ba.

Ya kurciyar gidana, ya zuma farar saƙa, me zan yi da rumbu cike in babu ke? Wa zai yi mani faɗa in na shigo da laka a ƙafa? Inna tana buƙatar ki da rai da ƙarfi, ba wata biyar kaɗai ba. Ni kuwa ban ma san yadda ake tsufa ba in ba kusa da ke ba.

Ga roƙona. Wannan takarda Nasir direba zai kawo maki kafin magariba. Ki kwance bakin zanen nan, ki ba shi ƙwayoyin duka ya dawo mani da su, likita na son ya gani. Ki ci abu mai laushi ko kaɗan ne. Gobe in Allah ya kai mu, da hantsi muna ƙofar gida, don mu juyo da rana tsaka hanya na da mutane. Kuma in an tambaye ki yadda kike ji, ki faɗi gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Inda kunya ta kama ki, ki dube ni, zan ƙarasa maki.

Saura abu ɗaya. Kafin in baro asibiti Malama Amatullah ta ce mai yiwuwa a buƙaci yi maki ƙarin jini, in fara tunanin wanda zai bayar. Na ce ba sai an yi tunani ba, na naɗe hannun riga. Suka ɗiba, suka auna, na zauna ina jira ina ta salati. Da ta fito sai ta ce jinina lafiyayye ne, kuma irin naki ne. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban sani ba! Na fita waje na tsaya a gindin dalbejiya, ni da furfurata, ina share ido da hula.

Don haka ki taho da kwanciyar rai, masoyiyata. Abin da ya tsiyaye daga jikinki, akwai shi a nawa, kuma naki ne har digon ƙarshe.

Ni ne naki a lafiya da ciwo, yau da gobe, har ranar da za a kira ɗayanmu, in kuma roƙi Allah ya sake haɗa mu inda babu ciwo,

Yahuza
Kankara